Ni Ke Ɗauke da Nauyinta

Shekara ashirin da ɗoriya na yi ina aikin malamin gona a Tsiga da ƙauyukan da ke kewaye da ita, kuma in akwai abin da nake taƙama da shi, to awo ne. Ajiye mini buhun masara, in kama kunnensa in ɗan ɗaga, zan gaya maka ko an rage tiya biyu. In na tsaya a bakin gona na dubi gabas na dubi yamma, zan faɗa maka takin da za ta ci. Manoma har tsokanata suke yi, wai an dasa mini sikeli a hannu. Ni kuwa daɗin tsokanar nake ji, ba na ɓoyewa. Na fara da wannan ne don a san irin mutumin da ya shiga ɗakin malamar asibiti a Funtua ranar da abin ya faru.

Inna, mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, gigin tsufa ne ya kama ta a hankali. Da farko gishiri take zuba wa miya sau biyu, muna dariya. Daga baya sai ta idar da azahar ta tashi ta sake alwala, ta ce ba ta yi salla ba. Sai kuma ta fara ƙunshe kayanta a ɗankwali tana nufar ƙofa, wai za ta tafi gida, alhali ta fi shekara hamsin a gidan nan. Ni ne ɗanta namiji da ya rage. Ƙannena mata biyu suna gidajen aurensu, ɗaya a Malumfashi, ɗaya a Zariya. Namu 'ya'yan sun girma sun watse. Gida ya rage mu uku, ni da Inna da matata.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Inna ta manta ni. In na yi sallama na shiga ɗakinta, sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce wa matata, "Yaya, wane ƙato ne wannan ke shigo ma mutane ɗaki?" Yaya take kiran matata, don ta ɗauke ta a matsayin yayarta da ta rasu tun ina ƙarami. Daga hannunta kaɗai take karɓar abinci. Ita ke yi mata wanka, ita ke sauya mata zane in ta ɓata shi, ita ke taro ta a zaure in ta ɗauko ƙunshinta. Ni kuma ni ke sayo magani, ni ke kawo madara da busasshen kifi, ni ke nemo mota duk wata a kai ta asibiti. In an tambaye ni a masallaci yaya jikin Inna, sai in sauke ajiyar zuciya in ce, "Muna dai fama." A yi ta sa mini albarka, ana roƙon Allah ya ba kowa ɗa irin Malam. Da ƙarfi nake amsa amin ɗin.

Ranar da nake magana a kai, masara ta fara bushewa a kara. Likita ya gama duba Inna, matata ta fita da ita baranda ta zaunar da ita a benci tana ɓare mata lemo. Sai wata malamar asibiti, dattijuwa mai tabarau da igiya a wuya, ta kira ni ɗakinta. Ta ce akwai takardar da suka fara cikewa, ba ta marar lafiya ba ce, ta mai jinya ce, don a auna nauyin da ke kansa. Da na ji kalmar awo sai na gyara zama.

Ta ce, "Wa ke ɗauke da nauyinta?"

Na ce, "Ni ne."

Wallahi ban ɗauka ƙarya na yi ba. A wurinmu wanda ke ciyarwa, ya tufatar, ya sayi magani, shi ake cewa ya ɗauki nauyi. Ko limamin unguwarmu aka tambaya, ni zai nuna.

Ta fara karanto tambayoyi, kowace da amsa biyar da zan zaɓa: ko kaɗan, jefi-jefi, wani lokaci, sau da yawa, ko kusan kullum. Kana jin ba ka da lokacin kanka saboda ita? Na tuna ranakun kasuwar da na rasa saboda zuwa asibiti, na ce wani lokaci. Kana jin lafiyarka ta taɓu? Na tuna bayana da ke ciwo in na daɗe a kan babur, na ce jefi-jefi. Kana jin kunyar abin da take yi a gaban mutane? Nan na tuna ranar da ta kira ni ɓarawo a ƙofar gida, maƙwabta na zaune a tabarma, na ce sau da yawa. Na amsa kowace a natse, kamar mai rubuta jarabawa. Ta haɗa maki ta ce akwai nauyi a kaina, matsakaici. Na ji wani daɗi, ga shi yau hukuma ma ta shaida.

Tana rufe bironta ta ce, "Malam, me ta ci yau da safe?"

"Koko, ina jin."

"Ta sha da yawa?"

Na hau gyaran hulata, ta ƙara jefo wata tambayar.

"Yaushe rabonta da bayan gida?"

Raina ya ɗan sosu. Na ce, "Haba Malama, wannan ai sai mata."

Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "To kira mini matan."

Matata ta shigo riƙe da hannun Inna, don ba a barinta ita kaɗai. Malamar ta ɗauko sabuwar takarda ta ce ko zan ɗan ba su wuri. Na ce ai matata ba ta yi boko ba, Islamiyya kawai ta yi, gara in zauna in riƙa yi mata bayani. Malamar ta sake dubana, ba ta ja ba. Na zauna daram, har da ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Matata ta ɗosana a bakin kujera, kanta a ƙasa, hannunta ɗaya na riƙe da gefen zanen Inna. Aka fara. Kina jin ba ki da lokacin kanki? Ko kaɗan. Kina jin lafiyarki ta taɓu? Alhamdu lillahi, ko kaɗan. Kina jin jinyar ta raba ki da dangi? Ko kaɗan. Kina fatan wani ya karɓe ki? Ta girgiza kai. Haka aka bi takardar nan har ƙasa, amsa ɗaya take bayarwa da murya ɗaya.

Tambayar ƙarshe, malamar ta ce, "To, in an haɗa duka, kina jin nauyinta?"

Matata ta ɗago ta ce, "Haba Malama, uwar mijina ce fa. In ban ji nauyinta ba, nauyin wa zan ji?"

Na fashe da dariya har da buga cinya. Na ce mata ba nauyin kunya da girmamawa irin na surukai ake nufi ba. Ana tambaya ne ko Inna ta zame mata kaya, ko tana wahalar da ita. Na maimaita mata a hankali, yadda nake yi wa manomi bayanin feshi.

Ta ce, "Au. A'a, ko kaɗan."

Da aka haɗa, makinta bai taka kara ya karya ba. Nawa ya ninka shi. Malamar ta kife takardar a kan tebur, ta daɗe tana kallon hannuwan matata, sannan ta yi wata tambayar da ba ta cikin takarda.

"Ina ne gidanku?"

"Maska."

"Iyaye na da rai?"

"Iya na nan. Ba ta dai jin daɗi, tun bara take kwance."

"Yaushe rabonki da ita?"

Matata ta ɗan yi tunani ta ce, "In an cire wannan masarar, girbi biyu ke nan ban gan ta ba."

Malamar ta juyo gare ni. "Malam, Maska ai ba Makka ba ce. Kai da ka ce kai ke ɗauke da nauyin, ɗauke shi na kwana uku, ta je ta ga uwarta."

Na ce in sha Allahu, ai dama ina da niyya. A mota muna komawa har na tsokani matata, na ce kin ga dai, takarda ta nuna na fi ki shan wahala. Ta yi murmushi ta gyara wa Inna mayafi. Duk lokacin da na tuna wannan tsokanar sai in ji kamar in nutse cikin ƙasa.

Niyyar tawa ta ja lokaci. Na ce a bari a cire masara. Aka cire, na ce a bari a gama casar waken suya. Ita kuwa ba ta ƙara ta da maganar ba, ni ma na ji daɗin hakan. Sai wata Talata ƙanenta ya bugo waya ya ce jikin Iya ya yi tsanani, kuma ita take ta kira. Na kira ƙanwata ta Malumfashi, ta ce ba za ta samu zuwa ba sai Juma'a da safe. Na ce ba komai, ni zan riƙe, kwana uku ne fa. Akwai wata dattijuwa maƙwabciyarmu, ta ce za ta riƙa leƙowa.

Laraba da safe, kafin ƙanenta ya iso da babur, matata ta bi ni tana yi mini bayani. Koko sai ya huce, kuma a ƙaramin kofi shuɗi, ba ta sha a wani. Kada in ce mata ta sha, in ajiye kawai in ce Yaya ta ce a ajiye mata. In ta ɗauko ƙunshinta kada in tare ta, in raka ta zaure, mu ɗan tsaya, in ce mota ba ta zo ba tukuna, za ta juyo da kanta. Ina ta cewa na gane, na gane, rabin hankalina na kan buhunan da ban ɗinke ba. Ta hau babur da 'yar jakarta da ƙullin daddawa da ta yi wa Iya. Na lura har ta sa lalle.

Kafin azahar Inna ta watsa mini koko a riga. Ta yi ta ihu wai ƙato ya shigo mata. Na ce Yaya ta ce a ajiye miki, ta ce ƙarya nake, ni na sace Yaya. Maƙwabciya ta zo, ita kuma aka ce ta kwashe mata tasoshin aure. Bayan la'asar na ji wari daga ɗakin. Na leƙa na same ta a tsaye, ta dafe zanenta da hannu biyu, tana kuka kamar ƙaramar yarinya tana kiran Yaya. Na tsaya a bakin ƙofa. Uwata ce, ita ta wanke ni shekara da shekaru, amma na kasa ɗaga ƙafa in shiga. Da gudu na je na kira maƙwabciya. Ta yi abin da za ta iya, ta fito da yaƙushi a hannu tana haki.

Ta ce, "Malam, ɗiyar nan haka take yi ita kaɗai? Sau nawa a yini?"

Ban sani ba. A gida ɗaya muke, ɗakina na kallon na Inna, ban sani ba.

Alhamis da safe ina alwala Inna ta fice. Sai can bakin hanyar gonaki na same ta, ba takalmi, da ƙunshinta a ka. Na manta da batun mota ba ta zo ba, na kama hannunta na ja, ta zauna a ƙasa tana zagina, masu tafiya gona suna kallo. Da ƙyar muka dawo. Tun tafiyar matata ban da ruwa babu abin da ya shiga cikinta.

Wajen sha ɗaya na ɗauki waya na kira matata. Ina so in faɗi wannan daidai yadda ya faru, domin na daɗe ina gyara shi a zuciyata. Ban ce mata ta dawo ba. Na fi haka wayo. Cewa na yi, "Ina dai sanar da ke ne, Inna ba ta ci komai ba tun jiya. Amma kada ki damu, ki yi zamanki, za mu san yadda za mu yi." Na san abin da kalmomin nan za su yi mata tun kafin in furta su. Sai da na gama sannan na tuna na tambayi jikin Iya.

Ta ce, "Da sauƙi. Ta gane ni. Ga hannuna ma a nata yanzu."

Na ce madalla, a gaishe ta.

Ana kiran la'asar na ji babur ya tsaya a ƙofar gida. Ko hijabi ba ta cire ba ta dama koko, ta fifita shi, ta zuba a shuɗin kofin. Inna ta karɓa ta shanye tana yi mata faɗa, "Yaya, ina kika shige kika bar ni da ƙattai?" Na tsaya a tsakar gida ina cewa ai da ba ki dawo ba, ai na ce ki zauna. Kuma ba zan ɓoye ba, wani sanyi na ji a raina da ta dawo.

Juma'a da hantsi ƙanwata ta iso daga Malumfashi. Ba ta gama gaisawa ba wayar matata ta yi ƙara. Iya ta cika. Matata ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ta zauna a bakin murhu. Da ta tashi, ɗakinta ta shiga ta ɗauko tsohon mayafinta na aiki, ta yafa wa ƙanwata, ta ce, "Ki riƙa shiga da wannan, ki rage magana. Ƙanshin take ganewa." Na goya matata a babur ɗina muka tafi Maska. Kafin mu isa an riga an kai Iya makwancinta.

Kwana bakwai ta yi a can. A cikin kwanakin nan ƙanwata na shiga da mayafin, Inna ta ɗan yi gardama ranar farko, daga nan ta ci gaba da cin abincinta tana kiranta Yaya. Wannan shi ya ƙarasa ni. Ashe duk tsawon shekara biyun nan ana iya yin haka. Abin da ake bukata kawai in ɗaga waya in ce wa ƙannena su riƙa zuwa bi da bi, kuma in tambayi matata yadda ake yi. Ban kira su ba domin ina son a ce Malam shi kaɗai ya riƙe uwarsa. A zaman makoki mutanen Maska suka yi ta yi mini godiya, wai na bar musu 'yarsu ta zo ta yi bankwana da uwarta. Na karɓi godiyar, domin ban san yadda zan mayar da ita ba.

Bayan wata biyu lokacin sake cike takardar ya zo. Ana gobe za mu tafi, da yamma, matata na tsintar wake a faifai, Inna na gyangyaɗi a tabarma kusa da ita. Na jawo kujera 'yar tsugune na zauna, abin da ban saba yi ba.

Na ce, "Gobe in Malama ta kira ki, ni zan tsaya a waje da Inna."

Ta ce, "To."

"Ranar nan, da gaske ba ki gane tambayar ƙarshe ba?"

Ta fitar da tsakuwa ɗaya daga waken ta yar. "Na gane, Malam. Tun daga ta farko na gane."

"To don me kika ce ko kaɗan?"

"Kana zaune a wurin. Nauyinka na ji."

Na buɗe baki zan tambaye ta wane nauyin take nufi cikin biyun, ni da na yi mata gyara a gaban mutane ina dariya. Na kasa. Har yau ban tambaya ba, kuma tsoron amsar ne ya hana ni.

Washegari ni na zauna a bencin baranda. Inna ta juya mini baya ta rufe fuska, na ɓare lemo na ajiye a tsakaninmu na ce Yaya ta ce a ajiye miki. Can sai hannu ya fito daga mayafi ya ɗauki ɓari ɗaya. Ƙofar malamar a rufe take, matata na ciki. Tawa takardar ba ta ci minti goma ba, amma wannan har aka fara kiran azahar ba a buɗe ba. Sau biyu Inna ta tashi za ta tafi gida, na raka ta bakin baranda na ce mota ba ta zo ba tukuna, muka dawo muka zauna.

Da matata ta fito idanunta sun kaɗa sun yi ja. Malamar ta leƙo ta gaishe ni a taƙaice, ba ta gaya mini makin ba, ni ma ban nema ba. Inna ta miƙe ta kama hannun matata, ta nuna ni da haɓa.

"Yaya, wai wane ne wannan da ke ta bin mu?"

Matata ta durƙusa tana sa mata takalmi, ta ce, "Ɗanki ne, Inna. Shi ke ɗauke da nauyinmu."

Na dubi fuskarta ina neman gatse, ban samu ba. Da na samu da ya fi mini sauƙi.